Sujada Ta Waya Ga 'Yan'uwanmu Da Suke Nesa Da Gida

 

Duk wanda yake zaune a ƙauye ya san yadda majami'a takan koma bayan an gama girbi. Bencin samari yakan zama wayam. Wasu sun tafi cirani Legas, Abuja ko Fatakwal, suna acaba, gadi ko leburanci. Wasu suna makaranta, wasu suna aikin soja, wasu kuwa tashin hankali ne ya raba su da gida ba da son ransu ba. A ƙauyukan da muke zagayawa iyaye suna yi mana tambaya guda: ɗana ya ce yana bin sujada ta wayarsa kowace Lahadi, to, ya je sujada ke nan ko bai je ba? A kan wannan za mu yi magana yau.

Jin wa'azi daga nesa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tsofaffin da suke nan za su tuna da Muryar Bishara. A Jos ake shirya shirye-shiryenta na Hausa, a watsa su daga Addis Ababa ta ƙasar Habasha tun daga 1963, har gwamnatin soja ta can ta ƙwace tashar a 1977. Iyayenmu sun kewaye akwatin rediyo sun ji Maganar Allah, ba wanda ya ce sun yi laifi. Sai kuma shekara ta 2020, da annobar korona ta sa aka hana taro. A wurare da yawa an yi Ista ta ranar 12 ga Afrilu a cikin gida. Daga lokacin ne ikilisiyoyi da dama suka koyi sa sujada kai tsaye a Facebook da YouTube, kuma bayan an buɗe majami'u ba su daina ba.

Abin yana da amfani, kada mu raina shi. Yaron da ya wuni mako guda cikin mutanen da ba ya jin harshensu, in ya ji muryar fastonsa, ya ji mata suna waƙa da tulu da kacau-kacau kamar yadda ya saba tun yana goye, zuciyarsa takan kwanta. Ku tuna da watan Oktoba na 2014, lokacin da Boko Haram suka shiga Mubi da hedkwatar EYN a Kwarhi. Ikilisiya guda sai ta watse kashi-kashi, wasu a Yola, wasu a Jos, wasu sun ƙetare zuwa Kamaru. Mutumin da aka raba da majami'arsa ta wannan hanya, ba za mu tsaya muna yi masa gardama a kan waya ba. Daniyel ma a Babila ta taga yake fuskantar Urushalima ya yi addu'a. Mara lafiya, da mai gadin da ba a ba shi hutun Lahadi, da wanda yake zaune inda babu majami'a ko kusa, duk waya ta zama musu taga. Da babu gara ba daɗi.

Amma ga inda damuwarmu take. Waya tana kawo maka ikilisiya, ba ta kai ka wurin ikilisiya. Kai kana ganinsu, su ba sa ganinka. In ka rame ba wanda zai lura. In ka daina bi wata uku ba wanda zai zo ya buga maka ƙofa. Ba a miƙa gurasa da ƙoƙon Jibin Ubangiji ta waya, ba a yin baftisma ta waya. Manzo Yohanna ya rubuta wasiƙu, duk da haka a ƙarshen wasiƙarsa ta biyu da ta uku ya nuna cewa ya fi so ya je da kansa su yi magana ido da ido. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Mu da muke aikin agaji mun fi ganin wannan a ranar wahala. In gobara ta tashi, ko ambaliya, ko rikici, sau da yawa ta hannun ikilisiyar wurin ake rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa. Wanda ya yi shekara biyu a unguwa bai taɓa leƙa majami'ar da take bayan ɗakinsa ba, wa zai rubuta sunansa? In zazzaɓi ya kwantar da shi tsakar dare, faston da yake ƙauye ba zai iya ɗaukarsa zuwa asibiti ba. Ɗan'uwan da suka zauna benci ɗaya ranar Lahadi shi ne zai nemo abin hawa.

Saboda haka amsar da muke ba iyaye ita ce, ku tambayi ɗanku ko akwai majami'a kusa da shi. In akwai, ya je da ƙafarsa da safe, ya ji ta gida da yamma. A manyan garuruwa ECWA, COCIN, EYN da sauran ikilisiyoyinmu suna da wuraren da ake sujada da Hausa, tambaya kawai ake bukata. Ku fastoci kuma, ku farfaɗo da al'adar nan ta ba matafiyi takardar shaida ya kai wa faston garin da za shi. In kuna da lambar faston can, ku kira shi ku ce ga yaronmu nan zuwa.

In kuwa babu hali sai ta waya, a yi ta kamar sujada. Ba a kwance a kan katifa ana cin ƙosai ana amsa saƙonni ba. A tashi a yi wanka, a buɗe Littafi Mai Tsarki, a yi waƙa tare da masu waƙa. In 'yan garinku uku ko huɗu ne a wurin, ku taru a ɗaki ɗaya kan waya ɗaya. Kuɗin data ya ragu, kuma kun ga juna.

Mun sani yawancin majami'unmu na ƙauye ba su da sabis mai ƙarfin ɗaukar bidiyo, wani wurin ma sai an hau tudu kafin a kira. Ba dole ne a yi kai tsaye ba. Wani saurayi ya ajiye waya kusa da mai wa'azi ya ɗauki murya kaɗai, in ya sami sabis ya tura a zauren WhatsApp na 'yan ƙauyen. Murya ba ta cin data kamar bidiyo. A haɗa da sanarwa, wanda aka haifa, wanda ya rasu, ranar aure. A lokacin addu'a kuma a ambaci matafiya da sunayensu. Wanda ya ji an kira sunansa a majami'ar garinsu ya san ba a manta da shi ba.

Sai a yi hattara da abu biyu. Inda tsaro bai inganta ba, kada a sa hoton majami'a da fuskokin jama'a da lokacin taro inda kowa zai gani, a bar shi cikin zauren da aka san kowa. Na biyu, batun baiko. Akwai masu buɗe shafi da sunan ikilisiya ko na fasto su sa lambar asusunsu. Dattawa su tsai da lambar asusu guda, a karanta ta a gaban jama'a, kuma ma'aji ya riƙa sanar da abin da ya shigo daga matafiya kamar yadda yake sanar da na cikin faranti.

Kafin ku tashi, za a raba wa kowace ikilisiya takarda. Ku rubuta sunayen 'yan'uwanku da suke waje, garin da suke, da majami'ar da suke zuwa. Wanda ba ku san majami'arsa ba, ku bar gurbin, ku kira shi a makon nan. Takardar ta zauna a hannun fasto da dattawa, kada a manna ta a bango.