NUMFASHI: KAYAN AIKINSA DA YADDA YAKE GUDANA A JIKIN ƊAN ADAM



Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ce wane ya ja numfashin ƙarshe, kowa ya san abin da yake nufi. Mutum yana iya yin makonni bai ci abinci ba, ya yi 'yan kwanaki bai sha ruwa ba, amma idan iska ta yanke masa na 'yan mintoci kaɗan, ƙwaƙwalwarsa za ta soma lalacewa. Maƙasudin wannan lacca shi ne mu bi iska tun daga hanci har zuwa jini, sa'an nan mu dubi abubuwan da ke ɓata wannan aiki a gidajenmu.

Hanyar Iska

Mafarin tafiyar shi ne hanci. Aikinsa uku ne: yana tace iska da gashinsa da majinarsa, yana ɗumama ta, yana kuma jiƙa ta. Wanda ya saba shaƙa ta baki ya yi asarar yawancin wannan gata.

Daga nan iska ta gangara maƙoshi, inda hanyarta ta haɗu da ta abinci. A wannan mararraba akwai wani ɗan murfi na guringuntsi da ke rufe ƙofar iska duk lokacin da aka yi haɗiya. Idan aka yi sakaci, alal misali mutum yana ci yana dariya, sai abinci ya bi hanyar da ba tasa ba, mu ce ya ƙware.

Ƙarƙashin murfin akwai akwatin murya, wanda tudunsa muke kira zakaran wuya. A nan ne iska mai fitowa ke kaɗa tantanin murya, magana ta samu. Ɗaliban Hausa za su lura cewa wajen furta ƙ da ts, mashigar iska da ke cikin wannan akwati rufewa take yi, akwatin ya yi sama ya tura iskar da ke baki. Watau waɗannan baƙaƙe ba da iskar huhu ake furta su ba.

Sai maƙogwaro, bututu mai tsawon santimita 10 zuwa 12 a jikin baligi, wanda zobban guringuntsi 16 zuwa 20 ke riƙe da shi don kada ya lotse. A ƙirji ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi huhun dama, ɗaya na hagu. Na dama ya fi faɗi, ya kuma fi miƙewa, shi ya sa idan yaro ya shaƙi ƙwayar gyaɗa, galibi can take faɗawa.

Huhu

Huhun dama kashi uku ne, na hagu kashi biyu, domin ya bar wa zuciya wuri. A cikinsu rassan nan suna ta rarrabuwa har kimanin sau 23, suna ƙara sirancewa, sai su ƙare da 'yan jakunkunan iska waɗanda ido ba ya gani. Yawansu ya kai miliyan 300 zuwa 500, kuma da za a shimfiɗa su da sun rufe fili mai faɗin murabba'in mita 70 ko kusa da haka.

Kowace jaka tana kewaye da siraran jijiyoyin jini. A nan iskar oksijin ke ratsawa ta shiga jini, iskar kabon dayoksaid kuma ta fito daga jini a fitar da ita. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin 100, wadda muke fitarwa kuwa kimanin kashi 16. Likita Ibn al-Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a shekarar 1288, ya bayyana cewa jini yana barin ɓangaren dama na zuciya ya ratsa huhu kafin ya isa ɓangaren hagu. A 1661 kuma Marcello Malpighi na ƙasar Italiya ya ga siraran jijiyoyin nan a huhun kwaɗo da madubin ƙara girma.

Wane ne ke Jan Iskar?

Huhu ba ya jan iska da kansa. Akwai wani faffaɗan nama da ya raba ƙirji da ciki, wanda duk mai fiɗar rago ya san shi. Idan ya tsuke sai ya yi ƙasa, haƙarƙari ya buɗe, ƙirji ya yalwata, iska ta kwararo ciki. Idan ya saki sai huhu ya koma yadda yake, iska ta fita. Shaƙuwa ba kome ba ce illa fizgar wannan nama. Baligi yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya idan yana hutawa, kowane ja kimanin rabin lita. Gindin ƙwaƙwalwa ne ke tafiyar da aikin, muna farke ko muna barci, kuma abin da ya fi sa shi hanzari shi ne taruwar kabon dayoksaid a jini.

Abokan Gaba

Cikin rassan iska akwai 'yan gasu ƙanana masu share majina da ƙura zuwa sama, mu haɗiye ko mu tofar da kaki. Hayaƙin taba yana gurgunta su. Ƙurar hunturu, wadda da yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, tana ninka musu aiki, ta kuma tayar wa masu asma ciwonsu.

Amma abin da ya fi damuna yana cikin gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, musamman hayaƙin girki, ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. Wa ke tsugune gaban murhu? Mace ce, da goyo a bayanta. Bugu da ƙari, gawayi da janareta suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau 200. Wanda ya shigar da kaskon wuta ɗaki saboda sanyi, ya toshe taga ya kwanta, yana iya wucewa cikin barci.

Kammalawa

Abu uku nake roƙo ku tafi da su. Na farko, kada a kwana da garwashi ko janareta a rufaffen wuri, kuma a yi wa ɗakin girki taga. Na biyu, idan yaro mai tari yana numfashi sau 50 ko fiye a minti ɗaya, alhali yana tsakanin wata 2 da shekara 1, ko sau 40 in yana tsakanin shekara 1 da 5, a kai shi asibiti ranar nan, domin alamar ciwon nimoniya ce. Na uku, tarin da ya wuce mako biyu a je a gwada kaki. Tun 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar tarin fuka, kuma yana warkewa in an sha magani wata shida ba fashi.

Ku ɗalibai za ku koma garuruwanku, ku ma'aikata kuwa ku ne ke sa hannu a tsarin gine-gine da kasuwanni. Rigakafi dai ya fi magani.