Me Ya Sa Nas Take Yawan Tambaya Kafin Ta Ba Da Magani?

Jawabi a taron kwamitocin lafiya na ikilisiyoyin ƙauyuka



A kusan duk ƙauyen da muka zaga, ƙorafi ɗaya muke ji game da ɗakin shan magani: "Yarinyar nan ta cika tambaya. Mun kawo yaro jiki zafi rau, maimakon ta yi masa allura sai ta ɗora shi a kan sikeli." Wasu har sukan yi fushi su wuce kemis, inda ba a tambayar kowa komai sai kuɗi. Yau muna so mu nuna muku abin da nas ta koya a makaranta wanda ya sa take yin haka.

Mu fara da sikelin. Ana auna maganin yaro da nauyin jikinsa ne, gama yara biyu masu shekara uku suna iya bambanta da kilo huɗu ko biyar. Ku ɗauki farasitamol da kowa ya sani. Ƙa'idarsa miligiram 10 zuwa 15 ce ga kowane kilo. Yaro mai kilo 10 yana bukatar miligiram 100 zuwa 150 ke nan, amma ƙwaya ɗaya ta manya tana da 500. Babban mutum ma bai kamata ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana ba. Idan ya yi yawa, hanta yake lalatawa, kuma ba a ganin alamar sai bayan kwana biyu ko uku. Yawancin magungunan mura da na ciwon jiki suna da farasitamol a ciki. Shi ya sa take tambaya, "Mama, me kika riga kika ba shi a gida?" Don Allah a faɗa mata gaskiya, ko da maganin gargajiya ne.

Haka yake da zazzaɓin cizon sauro. Tun shekarar 2005 Najeriya ta bar klorokwin ta koma ga maganin haɗi irin su Coartem, domin ƙwayar cutar ta daina jin klorokwin. Yaro mai kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya yake sha a kowane lokaci, mai 15 zuwa 24 biyu, mai 25 zuwa 34 uku, daga 35 zuwa sama huɗu. Sau shida ake sha cikin kwana uku, kuma jiki ya fi karɓarsa idan an haɗa da madara ko abinci mai maiƙo, kamar kunun gyaɗa. Abin da yake damunmu shi ne, da zarar yaro ya tashi yana wasa a rana ta biyu, sai a ɓoye sauran domin ƙanensa. Yaron farko bai warke ba, na biyun kuma rabin magani zai samu.

Akwai kuma magungunan da ba sa shiri da juna, ko da abin da muke ci. Kafson nan ja da rawaya, tetirasaikilin, nono da maganin ƙarin jini suna hana shi shiga jiki. Ba a ba mai ciki, ba a ba yaron da bai kai shekara 8 ba, yana ɓata haƙora. Wanda yake shan Flagyl ya nisanci burukutu da kowace irin giya, in ba haka ba amai da bugun zuciya za su same shi. Maganin tarin fuka mai suna rifamfisin yana mai da fitsari ja, wannan ba abin tsoro ba ne, amma yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa, mace ta ɗauki ciki ba shiri. Mai ciki da take shan Septrin kullum saboda cutar ƙanjamau ba a ƙara mata Fansidar a wurin awo, domin danginsu ɗaya. Dattijon da ke da gyambon ciki ko ciwon ƙoda, diklofenak da yake sha domin ciwon gwiwa yana iya sa shi zubar jini a ciki. Idan nas ta tambayi mace yaushe ta ga wata, ko ta tambayi dattijo me yake sha da yamma, ba neman tona asiri take yi ba. Mu kuma da muka raka mara lafiya mu ɗan fita waje, a bar shi ya yi magana.

Sai batun allura, wadda mutanenmu suke ganin ita ce magani na gaske. Ga yawancin ciwon da ake kawowa ɗakin shan magani, ƙwaya tana yin aikin da allura za ta yi. Akwai wata babbar jijiya da ta bi ta ɗuwawu ta sauka har ƙafa. Wanda bai san inda take ba yana iya soka ta, yaro ya rayu yana jan ƙafa. Nas ta san gefen da ake yi, ta kuma san cewa jariri a cinya ake yi masa. Mai yawo da jakar allura a ranar kasuwa ba wanda ya koya masa wannan.

Ku 'yan kwamiti, ga abin da ya rage a hannunku. Kafin ku ɗauki ma'aikaci, ku ga takardar rajistarsa da idonku, ko da ɗan wane ne. Idan sikelin ɗakin maganinku ya lalace, ku sa shi a gaban fenti da labule cikin kasafin bana. Ku kuma sanar a sujada ranar Lahadi cewa duk mai zuwa ganin nas ya zuba kwalaben da fakitin duk abin da ya sha a leda, ya taho da su.

Masu tambaya su ɗaga hannu.