Jawabi Kan Gandarin Shinkafa Na Saga Da Binciken Ɗaliban Jami'a



Jami'ar Yamai, wadda aka aza harsashinta a 1971, aka raɗa mata sunan Abdu Mumuni a 1992, tana da sashen koyon aikin gona da ɗakunan gwaji a hayin kogin Isa. Amma ɗalibin da zai rubuta kundin kammala karatu, tilas ya ƙetaro gada ya shiga laka. Gandarin Saga yana cikin wuraren da ɗalibai ke zuwa: su ɗebi ƙasa su auna, su bi ruwa daga famfo har fangali, su kwatanta girbin damina da na rani, su saurari manoma.

Ambaliyar 2020, lokacin da kogin ya kai kusan mita 7 a Yamai, ta shafe gonaki da dama. Ga birni kuma yana ta matsowa. Saboda haka ana roƙon masarauta ta tsare wannan ƙasa daga masu yanka fuloti, ta tsaya kan gyaran madatsa, ta kuma nemi kowane ɗalibi ya dawo ya bayyana wa manoma sakamakon bincikensa.