Me Ke Cinye Sautin Faifan CD?

Sau da yawa za ka ji an ce, "Ai wannan faifan Shata kwafin kwafi ne, shi ya sa muryar ta dushe." To, a zamanin kaset haka ne: duk juyin da aka yi daga kaset zuwa kaset, sai shuuu ta ƙaru, kalangu ya yi nisa.

Amma CD ba haka yake ba. Lambobi ne a cikinsa, an auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa. In kwamfuta ta kwafe lambobin nan daidai, faifai na goma da na farko duk ɗaya ne.

To ina ɓarnar take? Wajen matsewa. Mai shago yana son cusa waƙa ɗari a faifan da minti 80 kawai yake ɗauka, sai ya mai da su MP3, wanda ke zubar da wani ɓangaren sautin, kuma ba ya dawowa. Wani ya buɗe, ya sake matsewa, a ƙara asara. Ga kuma ranar Gadarif: faifan da aka ɗura wa waƙa a shago, in ya wuni a gaban mota, sai ya fara tsallake.

Shata ya rasu tun 1999. In kana da tsohon kaset nasa, ko wa'azin malamin da ya riga mu gidan gaskiya, ce wa mai shago ya ɗauke maka a WAV, ba matsewa. Kuma ka karɓo kaset ɗinka, ka ajiye a inuwa.