Tantanin Ƙwayar Halitta: Yadda Aka Gina Shi da Aikin da Yake Yi

 

Jikin babban mutum yana ɗauke da ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30, kuma kowace ɗaya a lulluɓe take da wani tantani wanda ya raba cikinta da wajenta. Kaurinsa bai wuce nanomita 7 zuwa 8 ba. Sai an jera irinsa fiye da 10,000, wani kan wani, kafin a sami kaurin takarda guda. A kan wannan ɗan siririn abu nake so mu tattauna yau, domin a ganina littattafanmu na sakandare ba su yi masa adalci ba. Akan zana da'ira, a ja kibiya, a rubuta suna, a wuce zuwa abin da ke ciki, sai ka ce leda ce aka ƙulle kaya. Alhali kuwa ƙwaya tana raye ne muddin abin da ke cikinta ya bambanta da abin da ke wajenta, kuma tantanin ne yake tsare wannan bambanci dare da rana, yana biyan kuɗinsa da ƙarfin da muke samu daga abinci.

Abin sha'awa, an gano da me aka yi shi tun kafin a sami na'urar da za ta nuna shi. Robert Hooke na Ingila ya ga ƙwayoyin halitta a ɓawon itace a 1665, amma bangon matattun ƙwayoyi ya gani. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 Ernest Overton ya lura cewa duk sinadarin da ke narkewa cikin mai ya fi saurin shiga ƙwaya a kan wanda ke narkewa cikin ruwa kaɗai, ya ce lallai akwai maiƙo a bakin iyakar. A 1925 wasu masana biyu a Holan, Gorter da Grendel, suka ɗebi jajayen ƙwayoyin jini. Sun yi dabara da wannan zaɓi, don jar ƙwayar jinin ɗan Adam da ta dabbobi masu shayarwa ba ta da cibiya kuma ba ta da wasu tantanai a ciki, saboda haka duk maiƙon da aka tatso na waje ne. Suka shimfiɗa maiƙon a kan ruwa, suka auna faɗinsa, suka ga ya ninka faɗin fatar ƙwayoyin sau biyu. Suka ce ashe tantanin ruɓi biyu ne. Daga baya an gano sun yi kuskure har biyu: ba su tatso maiƙon duka ba, kuma sun rage wa ƙwayar faɗi a lissafinsu. Kurakuran suka cinye juna, amsa ta fito daidai. Kada wani ɗalibi ya dogara da irin wannan sa'a a jarrabawa.

Me ya sa ruɓi biyu? Maiƙon da ake magana, wato fosfolifid, yana da kai mai son ruwa da jela biyu masu gudunsa. Cikin ƙwaya ruwa ne, wajenta ma ruwa ne. Don haka kawunan suke fuskantar ruwan ciki da na waje, jelolin kuma su haɗu a tsakiya su ɓuya. Ba wanda yake jera su; ƙin ruwan nan shi kaɗai ya isa. Shi ya sa idan aka huda tantanin da siririyar allura yakan rufe da kansa. Shi ya sa kuma sabulu yake lalata ƙwayoyin cuta masu rigar maiƙo, irin su korona: yana kutsawa tsakanin jelolin ya wargaza su.

Malamai sukan kwatanta tantanin da ganuwar Kano, furotin ɗin da ke cikinsa kuma su ne ƙofofi, kowace da sarkin ƙofarta. Kwatancen yana da amfani, amma yana da iyaka, domin Ƙofar Mata ba ta taɓa tashi ta koma Kabuga ba, su kuwa waɗannan ƙofofi yawo suke yi. A 1970, a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Frye da Edidin suka haɗe ƙwayar ɓera da ta mutum suka zama ɗaya, suka yi wa furotin ɗin kowace alama da launi dabam. Da farko kowane launi yana gefensa. Cikin kusan minti 40 sun gauraye. A 1972 Singer da Nicolson suka fito da bayanin da ake koyarwa har yau: tantanin ruwa-ruwa ne, furotin na shawagi a cikinsa, wasu sun ratsa shi daga ciki zuwa waje, wasu suna manne a gefe. Kolestarol, wanda muka saba jin ana zaginsa a asibiti, a nan yana da aikin kirki, shi ne yake hana tantanin yin ruwa da yawa in an yi zafi, ya hana shi daskarewa in an yi sanyi.

Iskar da muke shaƙa da wadda muke fitarwa suna ratsa maiƙon kai tsaye, daga inda suka yi yawa zuwa inda suka yi ƙaranci. Ruwa ma yana ratsawa, amma a hankali, kuma masana sun daɗe suna mamakin yadda ƙoda take tace ruwa kimanin lita 180 a yini ta mayar da kusan duka cikin jini, fitsari ya tsaya a lita ɗaya da rabi ko makamancin haka. Peter Agre ne ya warware wannan a 1992, kuma ba amsar ya fita nema ba, yana binciken rukunin jini na Rh ne ya ci karo da wani furotin. Da aka sa ƙwan kwaɗo ya ƙera furotin ɗin aka tsoma shi a ruwa mara gishiri, sai ya kumbura ya fashe, sauran ƙwai kuwa suka zauna lafiya. An sami hanyar ruwa ke nan, akwaforin. Ya karɓi kyautar Nobel a 2003.

Gishiri kuwa sha'aninsa dabam ne. Sodiyom ya fi yawa a wajen ƙwaya, fotasiyom ya fi yawa a ciki, kuma kowannensu yana ta yoyo zuwa inda ya yi ƙaranci. Da an bar su, da sun daidaita, da ƙwayar ta kumbura ta mutu. A 1957 Jens Skou, ɗan ƙasar Denmak, yana aiki da jijiyar ƙaguwa, ya gano wani famfo a cikin tantanin. Duk juyi guda yana fitar da sodiyom 3, ya shigo da fotasiyom 2, ya ƙone ƙwayar makamashi guda da ake kira ATP. Yanzu da kuke zaune kuna saurarena, kaso mai tsoka na kumallon da kuka karya yana tafiya ne wajen juya wannan famfo, a ƙwaƙwalwa ma ya kai wajen rabin abin da take ci. Bambancin da yake tarawa shi ne lantarkin jijiya, kimanin milibolt 70, wanda da shi ake tunani, da shi zuciya take bugawa.

A fuskar tantanin ta waje akwai sarƙoƙin sukari da furotin waɗanda suke zama shaida. Rukunin jini na A da B da O bambancin waɗannan sarƙoƙi ne kawai. Akwai kuma wanda ya shafe mu kai tsaye. Nau'in zazzaɓin cizon sauro da ake kira bibaks, wanda ya addabi Indiya da Kudancin Amurka, yana kama wani furotin mai suna Duffy ne kafin ya shiga jar ƙwayar jini. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da shi a jajayen ƙwayoyinsu, kuma Louis Miller da abokan aikinsa sun nuna tasirin hakan a 1976, shi ya sa bibaks bai yi ƙarfi a ƙasashenmu ba. Kada mu yi saurin murna: falsifaram, wanda ya fi kisa kuma shi ne namu, yana da hanyoyin shiga da dama.

Bari in tsaya a kan misalin da na fi so kowa ya fita da shi daga ɗakin nan, ko da ya manta sauran. Gubar kwalara ba ta huda hanji. Tana maƙalewa a tantanin ƙwayoyin hanji, ta sa wata hanyar kuloraid ta zauna a buɗe. Kuloraid ya zubo cikin hanji, sodiyom ya bi shi, ruwa ya bi gishiri. Mai tsananin ciwon yana iya zubar da fiye da lita 10 a yini. Amma a 1960 Robert Crane ya bayyana wata hanya a tantanin hanji wadda take shigar da gulukos tare da sodiyom, ba ta karɓar ɗaya sai da ɗayan, kuma da ƙarfin da famfon Skou ya tara take aiki. Gubar kwalara ba ta taɓa wannan hanya. Saboda haka in aka ba mara lafiya ruwa mai gishiri da sukari, sukarin ya shiga da gishirin, ruwa ya bi su ya koma jini, ko da gudawar ba ta tsaya ba. A 1971, lokacin yaƙin Bangladash, ruwan ƙarin da ake sawa ta jijiya ya ƙare a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya. Likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama gishiri da gulukos a manyan durum, dangi suna shayar da marasa lafiyarsu da kofi. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4.

Wannan shi ne ruwan gishiri da sukari da ma'aikatan lafiya suke ta yi wa iyayenmu mata nasiha a kansa duk damina. Wanda ya fahimci tantanin zai gane dalilin da ya sa suke matsawa a kan awo. Idan sukari ya yi yawa, ruwan da ke cikin hanji ya fi na jiki kauri, sai ya jawo ruwa daga jiki, gudawa ta ƙaru. Don haka lemon kwalba ba ya maye gurbinsa. Idan gishiri ya yi yawa kuma, yana iya cutar da yaro. Abin da ya fi shi ne ƙullin da ake samu a asibiti da kemis, a narkar da shi cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. In babu, a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari, a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba mara lafiya kaɗan-kaɗan ana hanyar asibiti.