AMSOSHIN WASIƘUNKU: Ana Iya Kauce Wa Ciwon Sukari?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwa mai sayar da hatsi, wanda ya ce shekarunsa 45. Ciwon sukari ne ajalin mahaifinsa bayan an yanke masa ƙafa, yanzu kuma an ce yayansa ya kamu. Shi ne yake tambaya, shin tunda abin gado ne, sai dai ya zauna ya jira nasa?

To Malam, Allah Ya jiƙan mahaifinka. Gaskiya ne ana gadon saurin kamuwa da wannan ciwo, amma ba lalle ne duk mai gadon ya kamu ba. Irin da ke kama manya shi likitoci ke kira nau'i na biyu, kuma cikin masu ciwon sukari goma, aƙalla tara shi ke damunsu. Akwai wani sinadari a jiki mai suna insulin, wanda aikinsa shi ne shigar da sukarin abinci daga jini zuwa tsoka. Idan teɓa ta yi yawa, zama ya yi yawa, sai jiki ya daina jin insulin ɗin sosai, sukari ya riƙa taruwa a jini yana lalata ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa.

An gwada rigakafin, ya kuma yi aiki. A ƙasar Finland a 2001, da Amurka a 2002, an fitar da sakamakon bincike kan mutanen da sukarinsu ya fara hawa amma ciwon bai kama su ba. Waɗanda aka sa suka gyara abinci, suka rage ƙiba, suka riƙa motsa jiki, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari. Abin da aka nema daga na Amurka shi ne tafiyar minti 150 a mako, da rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu. Wato mai kilo 85 ya zubar da kamar kilo 6.

Ga abin da za ka yi. Da farko ka je ɗakin shan magani ko asibiti mafi kusa da safe, kafin ka ci komai, a ɗan tsaga yatsa a auna. Idan awo ya nuna 100 zuwa 125, ka zo bakin gaɓa, nan ne rigakafi ya fi amfani. Idan ya kai 126 ko fiye, za a sake aunawa don a tabbatar. Kada ka jira sai ka ga yawan fitsari da ƙishirwa da rama, domin ciwon yakan yi shekaru bai nuna alama ba. A duba maka hawan jini a lokaci guda.

A gida kuma ka sami igiya, ka yanke ta daidai tsawonka, ka ninka biyu, ka zagaya cikinka da ita ta wajen cibiya. Idan ba ta haɗu ba, teɓa ta yi yawa.

Sai batun sukari. Kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da kusan ƙaramin cokali 9. Ka ƙara da na shayin safe da na fura da na koko, ka ga inda lissafin ya kai. Ka rage a hankali har baki ya saba. Zuma ma sukari ce, kada a ce maka magani ce ka yi ta sha. Ka rage malmalar tuwo da tulin shinkafa da burodi, ka ƙara wake da gyaɗa da miyar ganye, irin su zogale da rama da alayyafo. Gero da dawa da ba a surfe su fes ba sun fi farin gari.

Tafiya kuwa, minti 30 a rana, kwana biyar a mako, da ɗan sauri har ka ji zufa. Ka bar babur ka taka zuwa kasuwa. Ku ma manoma kada ku ce noma ya wadatar, domin da damina ake aikin, da rani kuma a zauna gindin bishiya, cin abinci bai ragu ba. Mata waɗanda sukarinsu ya taɓa hawa lokacin goyon ciki, ko suka haifi jariri mai fiye da kilo 4, su ma su je awo.

Malam, ranar da za ka je awon ka tafi da ƙannenka, tunda gidan ɗaya ne. Yayanka kuma ya riƙe maganin asibiti, ya riƙa duba ƙafafunsa kullum. Allah Ya ba shi sauƙi. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.