Rabon Abinci Ranar Biki: A Tire, a Roba, ko Kowa Ya Ɗiba?

Kafin masu makulli su buɗe akwati, ina so mu taɓa wata magana da ke cin kuɗinmu ba mu ankara ba, wato yadda ake raba abinci ranar biki. Da zarar kaka ta yi, amfani ya shigo gida, sai bukukuwa su taso a jere, kuma a lokacin ne masu neman rance ke yawa a ƙungiya. Mace ta ce jarin ƙuli-ƙuli take so, alhali duk wadda ke zaune a tabarmar nan ta san 'yarta za a kai ɗaki.

Yawancinmu da "buhu nawa zan saya?" muke farawa. Ni a ganina akwai tambayar da ta riga wannan: a me za a zuba, kuma wa zai raba? Amsarta ce za ta faɗa maki yawan hatsin da za ki tanada, da yankan nama nawa, da ko baƙin da suka makara za su tarar da wani abu a tukunya.

Mu fara da wanda muka gada, wato a zuba a tire ko babban faranti, mutum huɗu ko biyar su kewaye. A ce kina sa ran mutum 200. In biyar-biyar ne, tire 40 ke nan. Amfaninsa na farko, mai ci da yawa da mai ci kaɗan suna cike wa juna. Gwaggo ta yi loma biyar ta tsame hannu, yarinyar da ke gefenta ta ƙarasa. Na biyu, abin da ya rage yana gidanki, kina iya juye wa almajirai ko ki aika maƙwabta tun da ɗuminsa. Na uku kuma, wanda ni na fi dubawa, tire ba ya zaɓen abinci. Yana karɓar dambu, yana karɓar tuwon masara da miyar taushe, waina, shinkafa da wake, har kwaɗon rogo, mu da Allah ya hore wa ƙasar Batsari rogo da dankali. Abin da ke rumbunki shi za ki fitar. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kun ga inda kuɗin shinkafa da man gyaɗa da na mota suka nufa, ba sai na faɗa maku ba. Duk tiyar da ta fito daga rumbu, kuɗi ne da ba ki ciwo bashi ba.

Amma tire yana da sharaɗi, kuma ba na wasa ba ne. Hannu biyar ne za su shiga abinci ɗaya. Ɗabi'ar nan ta a ajiye kwano guda na ruwa kowa ta tsoma hannu, ta ƙarshe ta wanke da dauɗar ta farko, a daina ta. A tsayar da 'yan mata biyu a bakin ƙofa, ɗaya da buta, ɗaya da sabulu, a zuba wa kowa ruwa ya gangara ƙasa. In sabulu ya ƙare, toka mai tsabta ta fi babu. Ba mu manta da shekarar 2021 ba, da amai da gudawa ya ratsa jihohin Arewa har da tamu Katsina. Cutar ta ruwa da hannu take bi, kuma taron biki wurin da take so ne. Haka ruwan da za a dama kunun zaƙi ko a haɗa zoɓo, a tafasa shi tukuna.

Sai robar nan mai murfi da ake ce wa tekawe, wadda ta zo mana daga birni. Ba zan kushe ta gaba ɗaya ba. Tana da sauri, ba wanke-wanke, kuma baƙon da ya taso daga Safana ko Dutsin-ma ko Katsina yana iya ɗaukar tasa ya kama hanya. To amma mu yi lissafi. Mutum 200, roba 200, kowace da cokalinta da ledarta, kuma duk da kuɗi za ki saye su ba a dawo maki da ko ɗaya. Roba kuwa shinkafa take kira, kuma ba ki iya rufe ta babu nama a sama, kunya ba za ta bar ki ba. A tire, yanka biyar ko shida ya ƙawata wuri. A roba, kowace sai an ɗora mata nata, kuma ƙanƙantarsa a fili take. Sannan ku faɗi gaskiya, wa ya taɓa ganin an yi roba 200 ta ishi mutum 200? Wannan ta karɓa ta tura cikin hijabi ta sake miƙo hannu, waccan ta ce a ba ta ta kishiyarta da ba ta samu zuwa ba. Kafin dangin ango su iso an share wurin, uwar biki ta shiga ɗaki tana hawaye, a koma ɗora sabuwar tukunya da shinkafar bashi daga mai shago.

Akwai kuma maganar lalacewa. Don a cika roba 200 sai an fara zubawa tun hantsi. Shinkafa da zafinta, an rufe, an jibge a buhu cikin zafin ɗaki, ba wuta balle firji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka nan ba a kan wuta ba, ba a cikin sanyi ba. Wadda ta kai gida da dare ta ba yara, in ciki ya ɓaci, sunan gidanki za a kira. Bayan biki kuma robobi da ledoji su cika lungu, awakinmu su bi suna ci, kuma kun san yadda leda ke yi wa cikin akuya. Jihar Legas ma ta hana amfani da farar robar nan mai kama da soso tun watan Janairun 2024, don tana toshe magudanan ruwa.

Na ukun shi ne a jera tukwane ko kuloli kowa ya zo ya ɗiba da kansa, irin na otal. Wannan ba zan ɓata maku lokaci a kansa ba. Yana yi ne inda aka ƙidaya baƙi da kati, ga mai gadi a ƙofa. Mu da bikinmu na duk gari ne, masu ƙarfi za su cika kwano, tsofaffi da masu kunya su tashi da yunwa.

Wanda nake roƙon kada a yar shi ne aike gida-gida a kwano ko kula. Akwai mai jego, akwai mai takaba, akwai tsohuwar da ƙafa ta hana ta fita. Akwai kuma 'yan uwanmu da rashin tsaro ya taso daga ƙauyukansu suka raɓu da mu, ba su da anko, kunya ba ta barinsu su shigo taro. A zuba nasu tun farko, kafin a fara raba wa mazauna, ba sai an kai ga ƙanzo ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi walimar da ake kiran mawadata a bar talakawa. Ya umarci Abdurrahman ɗan Aufu da ya yi walima ko da da akuya ɗaya ce, kuma walimar aurensa da Nana Safiyya da dabino da cuku da man shanu aka yi ta, babu nama. Wadda ke jin za a zage ta don ba ta yanka sa ba, ta riƙe wannan.

Yanzu maganar lokaci. Mu nan Yasore da sauran garuruwan Batsari da Safana, da muke maƙwabtaka da dajin Rugu, mun san hanya ba ta dare ba ce. Ko an yi sulhu ko ba a yi ba, wanda ya zo daga nesa hankalinsa na kan komawa. Abincin da aka jinkirta har la'asar sakaliya, shi ke jinkirta kai amarya, shi ke sa 'yan rakiya su kama hanya da duhu. Saboda haka a ɗora tukwane da asuba, a raba da an sallame azahar, kafin la'asar an tattara kwanuka.

To, in kun tambaye ni, ga yadda zan tsara. Mutanen gari da dangi na kusa, tire. Marasa fita, aike. Roba kuwa a yi ta daidai adadin baƙin nesa, a ce 20 ko 30, a zuba ta dab da tashinsu, a damƙa wa mace ɗaya. Ita wannan mai rabo, kada ta zama uwar amarya, don uwar amarya ba ta iya cewa a'a ranar. A samu wata Inna ko Yaya mai kwarjini wadda ba ta tsoron a ce ta cika tsanani, ita kaɗai ke riƙe da mara da ludayi, ita ke cewa a fitar. Ta ware tire biyar na dangin ango ta rufe a ɗaki, ko wa ya zo kada a taɓa.

Saura kuɗi. Irin wannan asusu namu a Maraɗi ya samo asali, a 1991, lokacin da ƙungiyar CARE ta fara shi da matan karkara da sunan Mata Masu Dubara, kuma daga can ya bazu ƙasashe da yawa. Rancen akwati wa'adi gare shi, galibi wata uku. Wadda ta saro gyaɗa da shi, gyaɗar ce za ta biya. Wadda ta dafa shi aka cinye a yini ɗaya, da me za ta biya? Sai a kai ga sayar da tunkiya, ko a fara ɓuya ranar taro. Kada kuma ki dogara da gudummawa, don ita ma bashi ce, ranar bikin wadda ta kawo maki sai kin mayar har da ɗori. In kin san za ki aurar bana, ki faɗa tun yanzu, ki ƙara yawan zubinki, ki daidaita ranar da lokacin rabon ƙarshen shekara, ki yi hidima da kuɗinki na kanki.

Ga shawarar da nake so ku tattauna kafin zama mai zuwa. Kowace ta ƙirga tire da manyan tukwane da kulolin da ke ɗakinta waɗanda za ta iya ba da aro, magatakarda ta rubuta a bayan littafi. In abin da muke da shi bai kai tire 40 ba, a tambayo kuɗinsa ranar kasuwar Batsari, mu ga ko za mu haɗa mu cike ranar rabo, a sa masu alama da fenti. 'Yar ƙungiya ta ara kyauta, ta waje ta biya haya, kuɗin ya shiga akwati. Wadda ta ɓatar kuma ta biya, wannan a rubuta shi cikin doka tun yau.

Masu makulli, bismillah, ku matso a buɗe.